Colin Chapman: Injiniyan da ya mayar da lagireto gefen mota, ya sa iska ta zama ma'aikaciyarsa

Duk wanda ya taɓa kallon tseren motoci na Formula 1 a talabijin, ko hotunan ƙananan motocin tsere da ɗaliban jami'o'i ke ƙerawa, zai lura da wasu akwatuna biyu da suka kumbura a dama da hagun direba, kowanne da buɗaɗɗen baki yana fuskantar gaba. A cikinsu lagireto yake zaune. Siffarsu kuma ita ke yanke hukuncin ko inji zai yi sanyi ko zai tafasa, ko mota za ta kama ƙasa a kwana ko za ta zame. A yau ɗalibai kan shafe watanni a gaban kwamfuta suna gyara lanƙwasar waɗannan akwatuna na gefe. Mutumin da ya sa suka zama dole a wannan sana'a shi ne Colin Chapman, Baturen Ingila wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya rasu a 1982 yana da shekara 54, ya bar kofuna da yawa, da kaburburan direbobi, da kuma zargin cin kuɗin gwamnati da bai tsaya ya amsa ba.

An haifi Anthony Colin Bruce Chapman ranar 19 ga Mayu, 1928, a Richmond da ke gefen birnin Landan. Mahaifinsa Stanley yana gudanar da wani otal mai suna Railway Hotel a unguwar Hornsey, arewacin Landan, kuma a can yaron ya tashi. Ya shiga University College London ya karanta injiniyancin gine-gine, wato ilimin yadda ƙarfe da ginshiƙi ke ɗaukar nauyi ba tare da sun karye ba. Ba wani haziƙin ɗalibi ba ne a aji. Hankalinsa ya fi tafiya wajen sayar da tsofaffin motoci da koyon tuƙin jirgin sama a rundunar ɗaliban jami'a. Ya faɗi jarrabawar lissafi, sai da ya sake zama kafin ya karɓi digirinsa. Ya yi ɗan gajeren zama a rundunar sojan saman Birtaniya, daga nan ya kama aiki a kamfanin British Aluminium.

Cinikin motocin ya mutu a 1947 lokacin da gwamnati ta janye rabon man fetur ga masu motocin gida. Cikin kwantan da ya rage masa akwai wata tsohuwar Austin 7 da ba wanda ya taya. Ya ja ta zuwa garejin iyayen budurwarsa, Hazel Williams, suka farke ta, suka sake haɗa ta da bodi marar nauyi. Ita ce Lotus ta farko, a 1948. A 1952 ya kafa kamfanin Lotus Engineering a tsohon bargar dawakai da ke bayan otal ɗin mahaifinsa, da rancen fam 25 daga Hazel, wadda ya aura a 1954. Da rana yana aikin albashi, da dare da ƙarshen mako yana walda.

Abin da ya bambanta shi da sauran makanikan bayan gida shi ne bai da kuɗin sayen babban inji, don haka ya tafi ta wata hanya. Tunaninsa shi ne ƙarfin inji yana taimakon mota ne a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai, amma rage nauyi yana taimakonta a ko'ina: wajen tashi, wajen taka burki, wajen shan kwana. Kowane ƙarfe a motar sai ya yi aiki biyu ko uku, in ba haka ba a cire shi. Wannan aƙida ce ta ɗaukaka shi, ita ce kuma ta jawo masa mafi yawan suka.

Zaren ulu da mutum a kan bonet

Kusa da inda yake akwai masana'antar jiragen sama ta De Havilland, kuma wasu matasan injiniyoyinta sun riƙa zuwa taya shi aiki kyauta. Cikinsu akwai Mike Costin, wanda ya jawo yayansa Frank, masanin tafiyar iska a jikin jirgi. Frank Costin ne ya zana bodin Lotus Mark VIII a 1954. A lokacin babu kwamfuta, kuma ba su da kuɗin hayar ɗakin gwajin iska. Abin da suke yi shi ne su manna gutsattsarin zaren ulu a jikin mota, a tuƙa ta a filin jirgin da aka daina amfani da shi, a kalli zaren. Inda ya kwanta lif, iska tana bin jikin mota lafiya. Inda yake karkarwa ko ya juya baya, iska ta rabu da bodi, ta zama guguwa mai jan mota baya. Ana ba da labarin cewa Costin ya sa aka ɗaure shi a jikin motar tana gudu, don ya leƙa ya ga yadda zaren ke yi a cikin ramin taya.

Sunan mutanen biyu ya kai ga masu kamfanin Vanwall, waɗanda suka ba Chapman aikin zana ƙashin motarsu a 1956, Costin kuma ya yi bodi. Motar ce ta ci kofin kamfanoni na farko a tarihin Formula 1, a 1958. A wannan shekarar Lotus ta shiga gasar da kanta a Monako. Shekara biyu bayan haka Stirling Moss ya ci tseren Monako da Lotus 18.

A 1962 Chapman ya fito da Lotus 25. Kafin ita, ana gina motar tsere ne da bututun ƙarfe da aka yi wa walda kamar keji, sannan a lulluɓe da bodi. Shi kuwa ya naɗe faifan alminiyam ya yi wani abu mai kama da kwalekwale, direba ya kwanta a ciki rigingine, fatar motar ita ce ƙashinta. Ta fi keji ƙarfi, ta fi shi rashin nauyi, ta kuma fi shi siranta a gaban iska. Da ita Jim Clark, manomi ɗan Sikotilan, ya ci tsere 7 cikin 10 a 1963 ya zama zakaran duniya. Ya sake a 1965, kuma a shekarar ya ci babban tseren Indianapolis na mil 500 a Amurka, karo na farko da mota mai inji a baya ta yi hakan. A 1967 sai ga Lotus 49, inda Chapman ya ɗaure injin Cosworth, wanda kamfanin Ford ya biya fam 100,000 aka ƙera, kai tsaye a bayan kwalekwalen, injin kansa ya zama rabin ƙashin mota. Har gobe haka ake gina motocin Formula 1.

Shekarar 1968 ta zo da abubuwa biyu. Ya fenta motocinsa da launin kwalin taba sigari na Gold Leaf, ya buɗe ƙofar tallace-tallacen da suka mamaye wasan daga baya. Sannan ranar 7 ga Afrilu, Clark ya mutu a wani ƙaramin tsere a Hockenheim ta Jamus, motarsa ta kauce ta daki bishiyoyi. Mafi rinjayen zato shi ne tayar baya ce ta sace. Waɗanda suka san Chapman sun ce bai sake kusantar wani direba kamar yadda ya kusanci Clark ba. Wata guda bayan haka Mike Spence ya mutu a Indianapolis cikin wata Lotus ɗin.

A wannan lokaci ne aka fara ɗora wa motoci fukafukai, irin na jirgi amma a kife, don iska ta danna mota ƙasa maimakon ta ɗaga ta. Chapman ya ɗaga nasa sama a kan siraran sanduna. A tseren Sifaniya na 1969 a Barcelona, fiffiken Graham Hill ya karye, ya yi karo. Ba a jima ba na Jochen Rindt ya karye a daidai wurin, ya afka wa ragowar motar Hill. Dukansu sun tsira, amma hukuma ta haramta dogayen fukafukai nan take. Rindt ya rubuta wa maigidansa wasiƙa yana ƙorafin cewa motocin sun cika rauni, kuma ƙara musu ɗan nauyi ba zai hana su cin tsere ba.

Lotus 72: ranar da lagireto ya bar hanci

Har zuwa 1969 motar tsere kamar sigari take, doguwa, da buɗaɗɗen baki a gaba inda lagireto yake. Wannan tsari yana da illa uku. Bakin yana hana a yi wa mota siririn hanci. Dogayen bututun ruwan zafi sai sun ratsa gefen direba daga inji a baya zuwa gaba, ga nauyi ga zafi. Kuma nauyin ruwa da ƙarfe yana can gaba, nesa da tayoyin baya masu tura mota.

Chapman da mai zanensa Maurice Philippe suka raba lagireto gida biyu, suka ajiye kowanne a kwankwason mota, dama da hagu, cikin ɗan akwati mai baki. Hanci ya zama kamar bakin gizago, sirara a gaba yana kauri zuwa baya, iska na hawa kansa tana danna shi. Wannan ita ce Lotus 72 ta 1970. An taɓa gwada lagireto a gefe kafin ita, amma ita ce ta nuna cewa da shi ake cin gasa, kuma cikin 'yan shekaru kusan kowa ya kwaikwaya. Farkon fitowarta ba ta yi kyau ba, sai da aka sake tsarin sifirin ɗinta. Bayan gyaran, Rindt ya ci tsere huɗu a jere: Holan, Faransa, Birtaniya da Jamus.

Ranar 5 ga Satumba, 1970, ana atisaye a Monza ta Italiya, hanya mai dogayen miƙe. An cire wa motar fukafukai don ƙara gudu. Rindt ya taka burki zai shiga kwanar ƙarshe, motar ta fizge hagu ta shige ƙarƙashin shingen ƙarfe. Binciken Italiya ya ɗora abin a kan sandar burkin gaba da ta karye, tare da shingen da ba a kafa shi da kyau ba. Shi ma Rindt ba ya ɗaura maɗaurin cinya na bel ɗinsa. Makin da ya tara ya isa ba wanda ya kamo shi, ya zama zakaran duniya bayan mutuwarsa, abin da bai taɓa faruwa ba kafin nan ko bayan nan. An buɗe wa Chapman shari'a a Italiya, har Lotus ta je Monza a 1971 da wani suna na daban don gudun a kama kayanta. Sai a 1976 aka wanke shi.

Ba adalci ba ne a ɗora masa kowace mutuwa, domin zamanin ne gaba ɗaya yake cin direbobi. Amma ba za a iya share wasiƙar Rindt ba. Mutumin ya faɗi abin da yake tsoro, a rubuce, shekara ɗaya da 'yan watanni kafin wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinsa.

Motar ta ci gaba. Emerson Fittipaldi ɗan Burazil ya zama zakara da ita a 1972 yana da shekara 25. Ta yi aiki har 1975, ta ci manyan tsere 20 da kofin kamfanoni uku.

Kwali, buroshi da ƙasa mai tafiya

Zuwa 1975 Lotus ta koma baya. Chapman ya rubuta takarda mai shafi 27 ya miƙa wa shugaban injiniyoyinsa Tony Rudd, yana jera tambayoyin da yake son a amsa kan yadda za a samu dannawar iska ba tare da manyan fukafukai masu jan mota baya ba. Cikin abubuwan da ya yi nazari akwai jirgin yaƙi na De Havilland Mosquito, wanda lagiretonsa ke ɓoye a cikin fiffike kusa da jikin jirgi. Tambayar ita ce: me zai hana akwatin gefen mota shi ma ya zama fiffike?

Peter Wright, tare da Ralph Bellamy da Martin Ogilvie, suka kai ƙaramin samfurin mota, kashi ɗaya cikin huɗu na girmanta, ɗakin gwajin iska na Imperial College a Landan. Ɗakin yana da abin da yawancin irinsa ba su da shi: ƙasarsa bel ce mai gudu, kamar yadda kwalta ke gudu a ƙarƙashin mota. Ana cikin gwaji sai awon ya riƙa canzawa ba dalili. Da Wright ya duba, ya ga akwatunan gefen samfurin, waɗanda aka yi ta yanka ana liƙawa, sun saki sun sauko kusa da bel ɗin, kuma duk lokacin da suka sauko dannawar na ƙaruwa. Suka yanko kwali suka toshe ratar da ke tsakanin gefen akwatin da ƙasa. Awon ya yi tsalle.

Dalilin ba baƙo ba ne ga masuncin Argungu. Inda kogi ya matse, ruwa ya fi gudu. Haka iska take, kuma tun 1738 Daniel Bernoulli ya nuna cewa inda gudun ruwa ko iska ya ƙaru, matsinsa yana raguwa. Idan aka lanƙwasa ƙasan akwatin gefe ya zama faffaɗa a gaba, matsattse a tsakiya, sannan ya buɗe a hankali zuwa baya, iskar da ke ratsa tsakiyar za ta yi gudu, matsinta ya faɗi, iskar sama kuma ta danna motar ƙasa. Sharaɗin shi ne kada iskar waje ta kutso ta gefe ta cike gurbin, shi ya sa ake buƙatar labule. Da farko sun sa gashin buroshi, daga baya faranti mai zamewa sama da ƙasa yana shafar kwalta.

Lotus 78 ta ci tsere biyar a 1977, huɗu na Mario Andretti, ɗaya na Gunnar Nilsson, kuma abokan hamayya sun daɗe ba su gane inda sirrin yake ba. Lotus 79 ta 1978 ta kammala aikin. Andretti ya ci tsere shida ya zama zakaran duniya. Amma ranar da kofin ya tabbata, a Monza kuma, abokin tuƙinsa Ronnie Peterson ɗan Suwidin ya shiga karon motoci da yawa a farkon tsere, ƙafafunsa suka kakkarye, ya cika washegari, 11 ga Satumba.

Wannan ne kofin Lotus na ƙarshe: bakwai na kamfanoni, shida na direbobi, duk a hannun Chapman. A 1979 ya zarce gona da iri da Lotus 80. Tsotson ya yi yawa har motar na sauka ta toshe hanyar iskarta, tsotson ya yanke, ta tashi, ta sake sauka, tana sukuwa a miƙaƙƙiyar hanya. Williams da wasu suka ɗauki dabararsa suka gina ta a kan ƙashi mai ƙarfi, suka wuce shi. Lotus 88 ta 1981, mai ƙashi biyu ɗaya cikin ɗaya, hukuma ba ta bari ta yi tsere ko sau ɗaya ba. Daga 1983 aka wajabta shimfiɗaɗɗen ƙasan mota. Sai a 2022 aka dawo da tsarin tsotson ƙasa, kuma sukuwar nan ta dawo tare da shi, ta ba manyan kamfanoni mamaki duk da tarin kwamfutocinsu. A shekarar Mercedes ta gwada mota kusan babu akwatin gefe, ta watsar da tsarin a 2023.

Abin da ɗalibai suka gada

Gasar motocin ɗalibai ta fara a Amurka a 1981 da sunan Formula SAE, a Jami'ar Texas da ke Austin, Birtaniya kuma ta fara tata, Formula Student, a 1998. Ɗalibai ne ke zanawa, su ƙera, su tuƙa, su kuma kare kowace shawara a gaban alƙalai. Masu motar da ke shan mai yawanci injin babur suke amfani da shi, kuma doka ta sa a matse hanyar shigar iskarsa zuwa milimita 20 idan fetur yake sha.

Matsalarsu ta fi ta Chapman wuya ta wani ɓangare. Hanyoyin gasar gajeru ne masu yawan kwana, motar ba ta cika yin gudu sosai ba, ƙarfin iska kuwa yana tafiya ne da ninkin gudu a kan kansa: a rage gudu da rabi, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ga shi tayar gaba tana dagula iskar kafin ta iso bakin akwatin. Don haka ake yin bakin ɗan ƙarami, cikin ya buɗe a hankali don iska ta rage gudu ta bazu a duk fuskar lagireto, sannan mafita ta sake matsewa. Idan buɗewar ta yi gaggawa, iska ta rabu da bango, rabin lagireto ya zauna ba aiki. Sau da yawa sai an ƙara fanka a baya.

Manhajoji irin su OpenFOAM, wadda kyauta ce, da Ansys Fluent suna yanka iskar da ke kewaye da zanen mota zuwa miliyoyin ƙananan ɗakuna, su lissafa gudu da matsi a kowanne. Lagireto kuma ana shigar da shi a lissafin kamar soso mai hana iska wucewa da sauƙi. Hotunan da ke fitowa masu launi ne, masu kyau, kuma suna iya zama ƙarya tsagwaronta idan aka manta aka bar ƙasa a tsaye ko taya ba ta juyawa. Shi ya sa ƙungiyoyi masu hankali har yanzu suke manna zaren ulu.

Ɗalibin da zai yi irin wannan aiki a Birnin Kebbi yana da nasa lissafin. Zafin da lagireto ke zubarwa ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska. Ruwa mai maki 95 a iskar Ingila mai maki 20, tazarar 75 ce. A iskar watan Afrilu mai maki 42, tazarar 53 ce, wato kusan kashi 3 cikin 10 na sanyayawar sun tafi tun ba a kunna inji ba, ban da ƙurar hunturu da ke toshe ramukan. Kwafo zanen Turai kai tsaye tafasa zai haifar. Garin kuwa ba baƙo ba ne ga sana'ar zanen mota: Jelani Aliyu, wanda ya zana samfurin Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya karanta zanen gine-gine ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit, kuma a 2020 hukumar ƙera motoci ta ƙasa da yake shugabanta a lokacin ta shirya jerin gwanon motoci daga Abuja zuwa bikin kamun kifi na Argungu.

Kuɗin Belfast

Ƙarshen Chapman bai yi kyau ba. A 1978 ya karɓi aikin kammala zanen motar John DeLorean, Ba'amurken da gwamnatin Birtaniya ta ba miliyoyin fam don ya kafa masana'anta a Dunmurry kusa da Belfast, yankin da rikici da rashin aiki suka addaba. Kuɗin aikin injiniyancin, sama da dala miliyan 17, an biya su ne ta wani kamfani mai suna GPD da aka yi wa rajista a Panama, amma ba su isa asusun Lotus ba. Masana'antar ta durƙushe a 1982, ma'aikata suka rasa aiki, masu bincike suka fara bin sawun kuɗin.

A watan Agustan shekarar Elio de Angelis ya ci tseren Ostiriya da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, Chapman ya fito bakin hanya ya jefa hularsa sama kamar yadda ya saba. Ita ce nasara ta ƙarshe da ya gani. Ranar 16 ga Disamba, 1982, bugun zuciya ya kashe shi a gidansa da ke Norfolk. A ranar ce injiniyoyinsa suka fara gwada mota mai sifirin da kwamfuta ke sarrafawa a filin Snetterton.

Shekara goma bayan haka, a 1992, wata kotu a Belfast ta ɗaure Fred Bushell, tsohon akantan Lotus kuma na hannun damansa, shekara uku kan kuɗin GPD. Alƙalin ya bayyana cewa da Chapman na raye ya tsaya a gabansa, da ba zai samu ƙasa da shekara goma ba.